Mun Ɗora Hannun Sahabi, Ba Mu Duba Kansa Ba

Ranar Talata ce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a bakin fadamarmu ta Kashin Zama. Mu huɗu ne a wurin: ni Bello, da ƙanena Sahabi, da direban motar da ta zo ɗaukar albasa, da dillalin da ya kawo shi. An gama lodi, saura ɗauri. Sahabi ya hau saman buhuna ya ja igiyar da kansa, domin bai taɓa yarda da ɗaurin wani ba. Igiyar ta tsinke. Yana faɗowa gefen kansa na hagu ya bugi ƙarfen jikin motar, sannan ya sauka a kan hannunsa na dama.

Ya yi kamar minti biyu bai motsa ba. Direba ya yayyafa masa ruwa, ya buɗe ido, ya yi amai sau ɗaya, ya tashi zaune. Hannun ya lanƙwashe tsakanin gwiwa da wuyan hannu, duk wanda ya gani ya san karaya ce. Na ɗauko hularsa na karkaɗe na mayar masa. Lokacin da nake mayar masa da ita na ji ƙulu a saman kunnensa, kamar rabin ƙwan zabuwa. Babu jini, ban ce komai ba.

Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban saba rubutu mai tsawo ba. Zan jera abin yadda ya faru, mako bayan mako, domin Sahabi ya rasu, kuma ba hannun ne ya kashe shi ba.

A ƙasarmu ta Aliero, idan mutum ya faɗo, ƙashi ake tambaya. Muna da masu ɗori da ake zuwa wurinsu daga garuruwa masu nisa, muna kuma alfahari da su. Don haka ba wanda ya ambaci asibiti a cikinmu. Kafin magariba mun isa zauren Malam Cindo, wanda ya gaji ɗori daga mahaifinsa, kuma abokin wasan Sahabi ne tun ƙuruciya.

Malam Cindo ya duba hannun, ya ce, "Kai Sahabi, albasa ta hi ka wayo. Ita tana cikin buhu lahiya lau, kai kana ƙasa."

Sahabi ya ce, "Ja hannunka ka yi aiki. In ka ɗora shi karkace, da shi zan mare ka."

Aka riƙe shi, Malam Cindo ya ja ƙashin ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Ya ce mako shida. Ya tambaya ko akwai wani wurin da ke ciwo, Sahabi ya ce babu. Ni da na taɓa ƙulun ina tsaye, na yi shiru, domin a ganina ƙulu ba ciwo ba ne.

Makon farko ya wuce lafiya. Ƙulun ya saɓe. Gidajenmu katanga ɗaya ta raba su, zaurenmu ɗaya, kuma shekara talatin da wani abu a kwano ɗaya muke cin tuwo ni da shi. Yana ci da cokali a hannun hagu, yana zolayar kansa.

A mako na biyu ciwon kai ya fara. Ya fi tsanani da safe. Matarsa Kulu ta sayo masa ƙwayar ciwon kai a kemis, ya lafa, ya dawo. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Jini baƙi ya fito, kowa ya ce ai ga mugun jinin nan ya fita.

A mako na uku ya fara barcin rana, abin da ban san shi da shi ba. Muna sallar azahar sai ya zauna a raka'a ta uku. Ya aiki ma'aikata su ba fangalin albasar da aka riga aka ba ruwa. Na ce masa zaman gida ne ya sa masa lalaci. Ya yi dariya.

Mako na huɗu shi ne wanda ya fi yi mini nauyin rubutawa. An yi suna a Maiyama, a gidan surukinsa, mahaifin Kulu, dattijo mai shekara tamanin. Duk wanda ya san Sahabi ya san kunyarsa. Bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, takalminsa ma daga nesa yake cirewa. Ran nan, bayan an shafa fatiha an fito da masa, sai Sahabi ya tashi daga cikinmu, ya taka tabarmar dattijon da takalmi, ya zauna gwiwa da gwiwa da shi. Ya kira shi da sunansa na yanka. Ya sa hannun hagu a kwanonsa ya ɗauki masa, ya ce miyar ba gishiri. Dattijon ya dube shi, ya tura masa kwanon.

Na kama rigarsa na fitar da shi bayan gida. Na ce, "Mi kake sha? Gaya min. Ƙwayar da 'yan dako ke sha ce ka koma sha don ciwon hannu?"

Ya ce, "Yaya, mi na yi?"

Na ce, "Ka tambaye ni mi ka yi? Ka zubar muna da mutunci gaban mutanen Maiyama. Kada ka koma ce min Yaya sai ka tahi ka durƙusa gaban dattijon nan."

Ya tsaya yana kallona, yana tauna masar. A lokacin na ɗauka raini ne. Da muka dawo gida na ba da umarni a riƙa kai masa tuwonsa cikin gida. Kwana goma sha ɗaya ban yi masa magana ba. Ina jin tarinsa ta bayan katanga. Sau biyu ya fito zaure ya zauna a inda ya saba zama, ni kuwa na ɗauki kwanona na shiga ciki.

Rana ta goma sha biyu da hantsi Kulu ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka zo ka gan shi. Ba ƙwaya ba ce, na bincike aljihunshi da ƙarƙashin katihwa. Jiya buta yake nema, yana ta nuna ta, sunanta ya ƙi zo mishi. Kuma takalminshi na dama shina zamewa, bai sani."

Na ce mata gobe ne kwance ɗori, a bari mu ji daga bakin Malam Cindo.

Washegari, cikon mako na shida, Malam Cindo ya kwance karan. Ya bi ƙashin da yatsa daga sama har ƙasa, ya ce ya haɗe sumul. Ya miƙa wa Sahabi yatsunsa biyu ya ce ya matse. Hannun bai rufe ba. Ya ce ya tashi ya taka zuwa ƙofa. Ƙafar dama tana jan ƙasa. Ya tsokane shi da zancen marin da ya yi masa alkawari, Sahabi ya yi murmushi da rabin baki, ya faɗi wata magana da ba ta haɗu ba.

Malam Cindo ya ja ni waje. Ya ce, "Bello, aikina ya ƙare, ƙashi ya kama. Wanga abu ba na ƙashi ba ne. Hannun da anka ɗaure yakan yi sanyi, amma ƙahwa mi ya haɗa ta da shi? Baki mi ya haɗa shi? Ku tahi asibiti yau."

Ina gode wa mutumin nan har gobe. Ya faɗi iyakar saninsa, ya nuna mana hanya. Mu ne ba mu bi ta a ranar ba.

Da yamma Kawu Dikko, ƙanen mahaifiyarmu, ya iso daga Andarai, domin labarin abin da ya faru a wurin suna ya kai masa. Ya saurari komai, ya ce wannan aikin iskoki ne, kuma an san fadamar nan da su, musamman bayan la'asar. Ya ce allurar asibiti ba ta jituwa da irin wannan, a ba shi kwana uku. Ban iya musa wa ƙanen mahaifiyata ba. Muka kai Sahabi Andarai. Aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu, aka yi masa karatu. Kawu ya yi da zuciya ɗaya, ya yanka akuyarsa ya yi sadaka. A rana ta uku Sahabi ya yi fitsari a zaune bai sani ba, kuma sai an girgiza shi yake buɗe ido.

Mako na bakwai muka shiga asibiti. Mun isa wani asibiti a Jega ƙarfe bakwai na safe. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban. Sahabi yana kwance a benci, kansa a cinyar Kulu. Sai ƙarfe ɗaya saura muka shiga. Mai awo ya riga ya ce mana alamun shanyewar ɓarin jiki ne irin na hawan jini, mu ma mun karɓa. Likitan ya haska idon Sahabi da 'yar fitila, ɗaya bayan ɗaya, ya sake haska na hagu. Ya ga tabon kara a hannunsa, ya ce mene ne wannan. Na ce karaya ce, ta warke.

Ya ce, "Da ya faɗi, kansa ya bugu?"

Mako bakwai, shi ne mutum na farko da ya yi wannan tambayar. Na ce ya bugu. Ya ce ya suma? Na ce kaɗan. Ya ce ya yi amai? Na ce sau ɗaya. Ya ajiye biro, ya ce a yi hoton kai yau, kuma su ba su da na'urar.

Inda aka tura mu, mun tarar na'urar ta lalace, an ce ana jiran mai gyara. Kwana ɗaya ya tafi a nan. Ba zan lissafa abin da aka kashe ba. Albasar da muka ajiye muna jiran ta yi daraja mun sayar da ita a yadda aka taya, injin ban ruwa ma ya tafi, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba. Washegari muka ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato. Mun wuce Tambuwal kaɗan Sahabi ya fara wani irin minshari, muka kira shi bai amsa ba. Tun daga nan bai sake magana ba.

A babban asibitin an yi hoton cikin awa uku. Likitan tiyatar kai, wani mutum mai furfura da ba ya ɗaga murya, ya kira ni da Kulu ya ɗora hoton a jikin fitila. Ya nuna mana ƙoƙon kai, ya nuna ƙwaƙwalwa a ciki. A ɓangaren hagu akwai wani abu mai siffar jinjirin wata, ya tura ƙwaƙwalwar gefe.

Ya tambaye ni sana'ata, na ce albasa. Ya ce, "To ka san wadda ta faɗo daga mota. Ran nan ba ka ganin komai a jikinta. Sai ta yi makonni a rumbu ruɓar take fitowa."

Ya ce ƙwaƙwalwa laushi gare ta, kuma tana lulluɓe da fatu uku a cikin ƙoƙon kai. Bugun da Sahabi ya sha ya tsinka ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashin fatar waje, jini yana ɗiga kaɗan kaɗan. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, jinin ba shi da wurin zuwa, sai ya danne ƙwaƙwalwa. Na ce an yi masa ƙaho, baƙin jini ya fita. Ya ce ƙaho fata yake ja, wannan jinin yana bayan ƙashi.

Na ce, "Likita, ciwon yana hagu, amma hannun dama da ƙahwar dama sunka mutu."

Ya ce haka Allah ya tsara ta: ɓangaren hagu ke tafiyar da jikin dama, na dama ke tafiyar da jikin hagu. Ya ce da hannun hagu ne ya karye, da mun lura da wuri cewa na dama yana mutuwa, amma sanyin ya ɓuya a cikin ɗori. Sannan ya bi hoton da biro yana faɗa, ni kuma na juya katin asibiti ina rubutawa. Magana, ga mafi yawan mutane, a hagu take, shi ya sa sunan buta ya ɓace masa. Gani yana ta ƙeya. A ƙasan ƙeya akwai wata ƙarama mai daidaita tafiya. Can ƙasa kuma akwai tushe, inda numfashi da bugun zuciya da farkawa suke, kuma dannin ya fara kaiwa can, shi ya sa ba ya tashi.

Ya dafa goshinsa ya ce, "Nan gaba kuma shi ne mai riƙe mutum. Shi ke ce maka wannan surukinka ne, wannan ba a faɗa, wannan ba a yi. Halinsa bai canza ba kwanakin baya?"

Kulu ta rufe fuska da mayafi. Ni na gaya masa abin da ya faru a Maiyama, na gaya masa abin da na yi. Ni duk rayuwata na ɗauka kunya tarbiyya ce da ke zaune a zuciya, wanda ya yar da ita shi ya ga dama. Na tambaye shi ko Sahabi ya san abin da yake yi a ranar. Ya ce a'a. Na tambaye shi, da mun zo a makon nan fa? Bai so ya amsa ba, na matsa. Ya ce aikin ba babba ba ne, huda ƙashi ake yi a zubar da jinin, kuma masu zuwa da ƙafarsu galibi da ƙafarsu suke komawa.

Aka nemi jini, ni da babban ɗansa muka bayar. Washegari ƙarfe tara na safe aka shiga da shi, sha ɗaya da rabi aka fito, kansa a naɗe, da 'yar roba tana fitar da jini. Likita ya ce an cire abin da ya danne ta, saura a ga ko za ta tashi.

Mako na takwas muka yi shi a gefen gado. Masu jinyar wurin sun yi ƙoƙari, akwai wata da ke juya shi duk bayan awa biyu ba tare da an roƙe ta ba, Allah ya saka mata. Akwai kuma ranar da muka yi awa huɗu muna neman wanda zai canza masa ledar ƙarin ruwa. Kulu ke goge masa jiki, ni nake riƙe shi. Ta hanci ake ba shi kunu. A rana ta uku ya buɗe ido, amma idon ba ya bin kowa.

Na tambayi likita ko yana ji. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma mu yi masa magana. A rana ta biyar bayan azahar na ja kujera, na kama hannunsa na hagu, mai lafiyar. Na ce, "Sahabi, ni ne, Yayanka. Ba ka yi laihi ba. Ciwo ne, ni ban gane ba. Ka yahe min. In ka tashi, zaure za mu ci tuwo." Na faɗa sau uku.

Kulu ta ce ta ga yatsunsa sun motsa, har yanzu haka take gaya wa mutane. Ni nake riƙe da hannun, ban ji komai ba, kuma ba zan rubuta abin da ban ji ba.

A rana ta shida zazzaɓi ya shiga, ƙirjinsa ya cika. Aka sa masa iskar taimakon numfashi, aka canza allurai. A rana ta tara, Alhamis, ƙarfe goma da kwata na safe, Sahabi ya cika, ina wurin, Kulu tana wurin. Shekararsa hamsin da shida. Mun kawo shi gida, an yi masa sutura bayan la'asar. Malam Cindo yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Bayan addu'ar bakwai na tafi Maiyama, domin in wanke ƙanena a wurin surukinsa. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, na fara yi masa bayanin likita, gaba da hagu da tushe, ina duba katin. Dattijon ya bari na gama.

Ya ce, "Bello, ni ban taɓa riƙe shi ba. Shekara talatin yaron nan bai ɗaga ido ya dube ni ba. Ran nan da ya zauna gabana na dubi idonshi, na san ba lahiya ba. Da na ga ka ja shi waje, na ɗauka magani za ka kai shi."

Na yi sallama na fito.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma an ba mu mako bakwai, kuma na san inda kowane ya tafi. Kwana goma sha ɗaya daga ciki ni na cinye su da fushi.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan wani naka ya faɗo daga mota, ko babur, ko bishiya, ka kai shi ɗori idan ƙashi ya karye, amma ka cire masa hula ka shafa kansa, ka tambaya ko ya suma, ko ya yi amai, kuma ka faɗa wa likita ko bai tambaye ka ba. Ka sa masa ido wata biyu. Idan ciwon kai ya ƙi tafiya, ko barci ya yi yawa, ko kalma ta ɓace masa, ko ƙafa ta fara ja, kada ka ba kowa kwana uku, ko da ƙanen mahaifiyarka ne. Idan kuma mai kunya ya wayi gari ya yi abin kunya, kada ka ɗauke masa kwano. Ka kama hannunsa ka kai shi a yi hoton kai a ranar. Idan ka idar da sallarka ta gaba, ka roƙa wa Sahabi gafara, ka roƙa mini Allah ya sa ya ji abin da na faɗa masa.